Ɗumin farkawa da sakin ƙwai: bayanin al'amarin da matsalar faɗinsa da Hausa

1. Mafarin magana

A watannin baya wata ungozoma da ke aiki a wata ƙaramar likita cikin jahar Maraɗi ta kawo mana takarda mai shafi biyu, Faransanci a hagu, Hausa a dama, tana son mu duba mata rubutun. Takardar tana koya wa mata yadda za su auna jikinsu kowace safiya domin su gane kwanakin da suke iya ɗaukar ciki. Ta fuskar ƙa'idar rubutu ba mu sami abin gyara mai yawa ba, ƴan ƙugiyoyi ne suka ɓace, sai raba kalmomi nan da can. Matsalar tana wani wuri dabam. Inda Faransanci ya ce « la température s'élève après l'ovulation », mai fassara ya rubuta:

(1) Zafin jiki yana tashi bayan fitar ƙwai.

Ungozomar ta shaida mana cewa cikin matan da aka karanta wa wannan jimla akwai wadda ta tambaya ko sai ta sha maganin zazzaɓi idan abin ya zo, akwai kuma wadda ta tambaya ko ana ganin ƙwan a zane. Waɗannan mata ba su yi kuskure ba, abin da Hausar ta faɗa shi suka ji. Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗora wa Hausa matsayin harshen ƙasa, irin waɗannan takardu za su ƙaru, kuma nauyin gyara su a kan sashe irin namu zai faɗo. Ba mu likitoci ba ne. Amma ba a naɗa wa abu suna sai an san shi, saboda haka za mu fara da bayanin abin da ke faruwa a jiki, sannan mu komo ga kalmomin.

2. Abin da ke faruwa a jiki

Ana ƙirga zagayen haila daga ranar farko da jini ya zo zuwa jajiberen zuwan jini na gaba. Wannan zagaye kashi biyu ne. A kashi na farko, wata ƴar jaka da ke cikin gidan ƙwai tana girma da ƙwai guda a cikinta. Idan ta nuna, wani sinadari da ake kira LH, wanda ke fitowa daga ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, yakan yi ambaliya cikin jini, bayan awa 24 zuwa 36 sai jakar ta fashe ta saki ƙwan, ya shiga bututun da ke kaiwa ga mahaifa. Ragowar jakar ba ta ɓacewa nan take. Tana rikiɗa ta zama wani ƙullutu rawaya, « corps jaune », wanda ke zuba sinadarin furojestaron cikin jini. Babban aikin wannan sinadari shi ne shirya shimfiɗar mahaifa domin karɓar ciki, amma yana kuma taɓa sashen ƙwaƙwalwa da ke daidaita ɗumin jiki, sai ɗumin ya ƙaru da kamar digiri 0,2 zuwa 0,5. Idan ciki bai shiga ba, ƙullutun yakan mutu bayan kwana 12 zuwa 14 a galibi, ɗumin ya sauka, jini ya zo. Idan ciki ya shiga, ɗumin yakan zauna sama. Idan ya kai kwana 18 bai sauka ba, alama ce mai ƙarfi ta shigar ciki, sai a tabbatar da gwajin fitsari.

Abin da mace za ta gani a takardarta ke nan shi ne kwari sannan tudu: kwanakin farko layi yana ƙasa, daga baya ya hau ya miƙe.

A nan akwai abin da ya wajaba a fahimta tun da wuri, domin a kansa yawancin takardun faɗakarwa suke tuntuɓe. Ɗumin yana hawa ne bayan an saki ƙwan. Shi kuwa ƙwan ba ya wuce awa 12 zuwa 24 yana jiran maniyyi, alhali ƙwayoyin maniyyi suna iya rayuwa har kwana 5 a jikin mace. Binciken da Allen Wilcox da abokan aikinsa suka buga a Amurka cikin 1995, a kan mata 221, ya nuna cewa kwanakin ɗaukar ciki 6 ne: kwana 5 kafin sakin ƙwai, da ranar sakin kanta. Wato lokacin da mace ta tabbatar da hawan ɗumi, ƙofa ta riga ta rufe a wannan zagaye. Awon yana ba da labarin abin da ya wuce. Mai neman haihuwa tana amfani da shi ne ta san ko tana sakin ƙwai, ta kuma san wajen wace rana yakan faɗo mata idan ta tara takardun wata uku ko huɗu. Mai neman tazara kuwa, abin da awon ke tabbatar mata shi ne kwanakin ƙarshen zagaye kawai.

3. Taƙaitaccen tarihi

Wani likita ɗan Ingila, William Squire, ya lura a 1868 cewa ɗumin jikin mata yana sauyawa da zagayen haila, kuma Mary Putnam Jacobi ta Amurka ta yi irin wannan awo cikin shekarun 1870, ba tare da an gano dalili ba. Van de Velde na ƙasar Holan ne ya danganta abin da sakin ƙwai a farkon ƙarni na 20, daga baya ya danganta shi da ƙullutun rawaya. An tace furojestaron a 1934. A tsakanin nan Ogino a Japan da Knaus a Otiriya suka kafa lissafin kalanda, bayan Ogino ya nuna cewa ana sakin ƙwai kwana 12 zuwa 16 kafin jini na gaba. Wani limamin kirista Bajamushe, Wilhelm Hillebrand, shi ya fara koya wa iyalai awon ɗumi a matsayin hanyar tazara a 1935, don ya ga lissafin kalanda yana ba mutanensa kunya. John da Evelyn Billings a Ostareliya suka mai da hankali ga ruwan bakin mahaifa, Josef Rötzer kuma ya haɗa alamomin biyu. A yau akwai manhajojin salula da ke yin lissafin, kamar Natural Cycles, wadda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2018.

Daga bayanan masu amfani da wannan manhaja aka buga wani nazari a 2019, a kan zagaye fiye da 600 000. Matsakaicin tsawon zagaye ya kama kwana 29,3, kuma kashi 13 cikin ɗari ne kawai suka yi kwana 28 cif. Mun kawo wannan ne saboda « rana ta 14 » da aka haddace mana tun a kwaleji, wadda har yanzu ake fassarawa zuwa Hausa kamar aya.

4. Yadda ake awon

Ana awo da zarar an farka, kafin a sauko daga gado, kafin magana mai tsawo ko shan ruwa, bayan barcin da bai gaza awa uku ko huɗu ba, kuma a kusan lokaci ɗaya kullum. Ana sa ma'auni ƙarƙashin harshe baki a rufe, ko a farji, ko a dubura, amma ba a sauya wuri ko ma'auni a tsakiyar zagaye. Awon hamata, wanda aka saba da shi a likitocinmu wajen duba zazzaɓi, bai isa ba a nan, don bambancin da ake nema ƙanƙane ne ƙwarai. Ma'aunin lantarki mai lamba biyu bayan waƙafi ya fi dacewa. Na zaiba yana aiki, sai dai yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta sa ana janye shi daga kasuwa, kuma idan aka ajiye shi a ɗakin kwano cikin watan Afrilu, zafin ɗakin kaɗai ya isa ya tura zaibar sama.

Ƙa'idar karatu da aka fi sani ita ce uku bisa shida: a sami awo uku a jere da suka ɗara awo shida da suka gabace su. Ga misali da muka tsara don bayani:

(2) rana ta 10 zuwa ta 15: 36,3 / 36,4 / 36,2 / 36,3 / 36,4 / 36,3
rana ta 16 zuwa ta 18: 36,6 / 36,7 / 36,7

Mafi girma cikin shidan farko shi ne 36,4. Ukun da suka biyo duk sun ɗara shi, na ukun ya ɗara shi da fiye da 0,2 kamar yadda wasu makarantu ke sharɗantawa. Za a ce an saki ƙwai wajen rana ta 15, da yiwuwar kuskuren kwana ɗaya ko biyu, kuma daga maraicen rana ta 18 har zuwan jini ciki ba ya shiga.

An tsara waɗannan ƙa'idodi a ƙasashen da rayuwa ta bambanta da tamu. A nan tashin asuba alheri ne ga awon, tun da yana tsai da lokaci guda, muddin an auna kafin a fita alwala. Azumi kuwa yana birkita shi, domin tashin sahur da komawa barci suna raba dare biyu. Uwar da ke tashi sau uku don ba da nono ita ma haka. Babban abokin gaba shi ne zazzaɓin cizon sauro: kwana uku na masassara cikin damina suna iya zana tudu na ƙarya a kan takarda, kuma macen da ta dogara da shi don tazara tana iya ɗauka ƙofa ta rufe alhali ba a ko buɗe ta ba. Dole takardar ta tanadi gurbin da za a rubuta « ba ni da lafiya », a kuma tsallake awon wannan rana wajen lissafi.

5. Kalmomin

5.1. Zafi ko ɗumi

A Hausa « zafin jiki » suna ne na ciwo. Idan uwa ta ce ɗanta yana da zafin jiki, ba wanda zai tambaye ta digiri nawa, magani za a nema. Bayan haka zafi da sanyi manyan rukunai ne a tunanin Bahaushe game da cuta, ana cewa zafi ya yi wa mutum yawa, ana shan jiƙo don a sauke shi. Faransanci ma bai tsira ba, tun da « avoir de la température » a bakin jama'a zazzaɓi yake nufi. Sai dai a can makaranta ta daɗe da kafa ma'ana ta biyu, ta abin da ake aunawa ko da lafiya ko babu. Hausa tana da kalmar da ba ta ɗauke da ciwo, ita ce ɗumi. Ana ɗumin kaza a kan ƙwai, ana ɗumin ɗaki, ana ɗumama tuwo, jariri yana jin ɗumin uwarsa. Rabin digiri da ba a jinsa ko da tafin hannu ya fi kusa da ɗumi. Gaskiya ne a wasu karuruwan harshe ɗumi yana nufin surutu, amma da zarar an ce ɗumin jiki gardama ta ƙare.

Saura « basale ». Fassarar kai tsaye, « na tushe » ko « na asali », ba ta gaya wa mace komai. Abin da ake nufi shi ne ɗumin jiki sa'ad da yake cikin cikakken hutu, kuma ana samunsa a lokaci guda tak a yini. Muna ba da shawarar a naɗa masa suna da wannan lokaci, a ce ɗumin farkawa. Hausa ta bambanta aikatau biyu da takardar da aka kawo mana ta cakuɗa:

(3) a. Ta farka amma ba ta tashi ba.
b. Auna idan kin tashi.
c. Auna da kin farka, tun kina kwance.

Jimla (3a) daidai take, wannan kuwa ya nuna farkawa da tashi abu biyu ne. Mai bin umurnin (3b) tana iya yin alwala da salla da hura wuta kafin ta ɗauki ma'auni. (3c) ce ke faɗin abin da likita ke so.

5.2. Ƙwai da fitarsa

Kalmar ƙwai ba baƙuwa ba ce a zancen haihuwa, ana jin tsofaffi suna cewa wance ƙwanta ya ƙare idan ta daina haihuwa. Wasu masu fassara suna gudunta saboda kaza, suna cewa ƙwaya ko ƙwayar haihuwa. Mu ba mu goyi bayan haka ba. Ƙwaya a likita ita ce abin da ake haɗiya, kuma a ɗakin da ake raba ƙwayar tazarar haihuwa, « ƙwayar haihuwa » rikici kawai za ta ƙara. Faransanci kansa yana cewa « ponte ovulaire » bai ji kunyar kaza ba. Abin da ake bukata shi ne a faɗa sau ɗaya cewa girman wannan ƙwai bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba sai kaɗan.

Aikatau ne ya fi ba da wahala. A rubutun yau da kullum, wanda ba ya nuna karin sauti, « fitar ƙwai » tana iya zama sunan aikatau na fita, mai daraja ta 3 a tsarin Parsons, wato ƙwai ne ya fita da kansa; tana kuma iya karantuwa kamar fitar da, mai daraja ta 5, wato wani ya fid da shi. « Fitowar ƙwai », daraja ta 6, ta kau da wannan harshen damo amma ta jawo mafi muni, domin ƙarshen -o yana nuna motsi zuwa wajen mai magana, zuwa fili. Tambayar da matar nan ta yi game da zane, nahawu ne ya sa ta a bakinta. Fita da fitowa duka suna sa mai sauraro ya tambaya, fita daga ina? Amsar da ta fi kusa ita ce daga jiki. Shi ya sa muka zaɓi sakin ƙwai. Saki yana bukatar mai riƙo, wato gidan ƙwai, yana faruwa sau ɗaya a take, kuma bai ce abin da aka saka ya bar gida ba. Wani abokin aiki ya yi mana ba'a cewa saki kalma ce da matan aure ba su son ji da safe. Mun ji, amma ba mu sami wadda ta fi ta ba.

5.3. Yauƙi, sanyi da alamar tsarki

Tun da ɗumi ba ya yin gargaɗi, ana haɗa shi da lura da ruwan da bakin mahaifa ke fitarwa, wanda ke yin garau, ya yi santsi, yana miƙewa tsakanin yatsu a kwanakin da suka gabaci sakin ƙwai. Asalin ma'anar « glaire » farin ƙwai ne. An fassara ta da majina, kalma mai ƙyama da ke tuna mura. Ɗakin girki ya ba mu wadda ta fi: yauƙi, irin na kuɓewa. Ruwa mai yauƙi ba ya bukatar ƙarin bayani ga duk wadda ta taɓa kaɗa miya.

Hatsari biyu ne a nan. Na farko, duk farin ruwa da mace ta gani ana saurin kiransa sanyi, a nemi magani, har wasu su yi ta shan magungunan kashe ƙwayoyin cuta a kan alamar lafiya. Dole a rubuta ƙarara cewa ruwan da ba ya wari, ba ya ƙaiƙayi, yana zuwa yana wucewa da lokacinsa, ba ciwo ba ne. Na biyu ya shafi fiƙihu. Matanmu ba yau suka fara lura da jikinsu ba, suna ƙirga kwanakin haila da na tsarki saboda salla da azumi, kuma littattafan Malikiyya irin su Risala sun koyar da alamun tsarki biyu, bushewa da farin ruwan da ke biyo bayan jini. Wannan ilimi gada ce da masu faɗakarwa ba su cika takawa ba. Amma tsarki hukunci ne na ibada, ba ya cewa komai game da ɗaukar ciki. Mace mai zagayen kwana 24 tana sakin ƙwai wajen rana ta 11, kwanakinta shida suna farawa wajen rana ta 6, wato kusan ranar wanka. Mai zagayen kwana 35 kuwa sai wajen rana ta 22. Ra'ayin da ya yaɗu cewa ciki yana shiga ne da an yi wanka ya yi kusa da gaskiya ga ta farko, ga ta biyu kuma ya kauce da fiye da mako guda.

5.4. Kwana da waƙafi

A Hausar yamma kwana yana nufin barci, yana nufin yini da dare, yana kuma nufin rabon dare tsakanin kishiyoyi. Jimla kamar « auna bayan kwana uku » ba ta da wurin zama a irin wannan takarda. A ce barcin awa uku, a ce rana ta uku. A kuma fayyace cewa ranar takarda daga safiya take farawa, ba daga magariba ba kamar lissafin watan Musulunci.

Lambobi ma suna da tarko. Mu muna rubuta 36,5 muna cewa waƙafi, ƴan'uwanmu na Najeriya suna rubuta 36.5 suna cewa ɗigo, ma'aunin lantarki shi ma ɗigo yake nunawa, kuma wanda aka sayo daga ƙetare yana iya nuna 97.7, ma'aunin Fahrenheit ke nan, daidai da 36,5. Idan ana faɗi da baki, « talatin da shida da biyar » ba ta raba 36,5 da 36,05 ba, alhali tazarar da ke tsakaninsu ita ce dukan abin da ake nema. A karanta lambobin bayan waƙafi ɗaya-ɗaya: waƙafi biyar sifiri, waƙafi sifiri biyar.

6. Wa abin zai amfana?

A ganinmu, a matsayin hanyar tazara ita kaɗai, awon ɗumi bai dace da yawancin gidajenmu ba. Yana bukatar karatu, da barci mai tsari, da miji mai haƙurin kwanaki da yawa. Ga mai shayarwa kuma layin yana iya zama a kwance wata da watanni, sannan a saki ƙwai kafin jinin farko ya dawo, ta haka rurrutsa ke zuwa ba sallama.

Inda muke ganin amfaninsa shi ne wajen matar da ta shekara ba ta sami ciki ba, aka fara kiranta juya. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa mutum ɗaya cikin shida yana gamuwa da matsalar rashin haihuwa a rayuwarsa, kuma likitoci sun daɗe da sanin cewa namiji yana da hannu a kusan rabin lamuran. Takarda uku masu kwari da tudu ba su tabbatar da cewa bututun mahaifa a buɗe yake ba, amma suna nuna ana sakin ƙwai, suna kuma ba ungozoma hujjar cewa a kira maigida a duba maniyyinsa. Zagaye ɗaya marar tudu ba hukunci ba ne, yana faruwa ga masu lafiya.

Akwai kuma lissafin da littattafan Turai ba su yi ba. A gidan mata huɗu inda kowace ke da kwana biyu, mace tana jiran dare shida kafin girki ya komo kanta, daidai da tsawon kwanakin ɗaukar ciki. Yana yiwuwa a wani wata kwanakin nan su faɗa gaba ɗaya cikin kwanan kishiyoyi, ba tare da ciwon komai a jikin kowa ba. Haka matar ɗan cin rani da ke zuwa gida mako biyu ya koma.

Ga jimlar da muka mayar wa ungozomar a madadin (1), tana gwada ta yanzu da matan da ke zuwa awo:

(4) Bayan gidan ƙwai ya saki ƙwai a can cikin mara, ɗumin jikinki yana ƙaruwa kaɗan. Ba zazzaɓi ba ne, ba za ki ji shi ba, ma'auni ne kawai ke nuna shi.

Muna roƙon ɗaliban da ke aikin fili a Adar da Damagaram su karanta (1) da (4) ga mata dabam-dabam, ba tare da ƙarin bayani ba, su rubuto mana tambayoyin da kowace jimla ta haifar, da kalmomin da matan suka yi amfani da su wajen maimaita ta.